Yadda Ake Zaɓen Kwamfuta Don Zane, Tace Bidiyo da Buga Gem a Bauchi

A daminar da ta wuce, ɗan yayata da ke karatun zanen gine-gine a nan Bauchi ya shigo wurina bayan sallar magariba, rungume da wata MacBook ta hannu wadda ya kusan shekara yana tara kuɗinta. Ya ajiye ta a kan tabarma ya buɗe, sannan ya ce, "Kawu, don Allah duba mini, Revit ta ƙi hawa, kuma ranar Litinin za mu miƙa aiki." Na duba na ga kwamfutar lafiyarta ƙalau, batir mai kyau, sikirin garau babu ko ƙwarzane. Abin da babu wanda ya gaya masa kafin ya biya kuɗi shi ne, Revit, manhajar zanen gine-gine, a kan Windows kaɗai take aiki, haka ma Lumion da abokan karatunsa ke fitar da hotunan gini da ita, haka ma wasan ƙwallon da yake sha'awar bugawa idan an yi hutu. Daga baya sai da ya sayar da ita a kan faɗuwa. Abin ya tsaya mini a rai, domin yaron bai yi almubazzaranci ba, tambayoyin ne kawai ya jera ba daidai ba: ya fara da sunan kwamfuta, alhali da sunan aiki ake farawa.

Mataki na farko shi ne ka samu takarda da biro ka rubuta sunan kowace manhaja da abincinka ko karatunka ya rataya a kanta, tun kafin ka tambayi farashin komai. Manyan dandamali uku ne a gabanka, wato tsarin da kwamfuta ke aiki a kansa: Windows ta kamfanin Microsoft, macOS da ke zuwa a kwamfutocin Apple kaɗai, da Linux wadda kyauta ce kuma ana iya ɗora ta a kan kusan kowace kwamfuta. A gaban kowace manhaja sai ka rubuta inda take hawa. Revit, 3ds Max, SolidWorks da Lumion na Windows ne zalla, don haka ɗalibin gine-gine ko na injiniya da malamansa ke buƙatar ɗaya daga cikinsu ya riga ya samu amsarsa. Final Cut Pro ta tace bidiyo da Logic Pro ta haɗa sauti kuwa na Apple ne, ba za ka same su a Windows ba. Photoshop, Illustrator da Premiere Pro suna aiki a Windows da Mac, amma ba su da na Linux, kuma tun 2013 kamfanin Adobe ya koma karɓar kuɗin wata-wata maimakon sayarwa sau ɗaya, wanda ke nufin nauyin da ke kanka zai riƙa hawa da sauka tare da dala. FL Studio, wadda yawancin masu haɗa kiɗa a ɗakunan waƙa na Arewa suka taso da ita, ta samu cikakken zubin Mac a 2018, AutoCAD da SketchUp ma suna hawa duka biyun. Blender, Krita, GIMP, Inkscape da Audacity kyauta ne kuma suna aiki a dukkan ukun. DaVinci Resolve ma tana da zubin kyauta a ukun, sai dai a kan Linux zubin kyautar ba ya buɗe bidiyon H.264 da H.265 kai tsaye, kuma irinsu ne wayoyi da yawancin kyamarorin ɗaukar biki ke fitarwa, don haka sai ka juya kowane bidiyo zuwa wani tsari kafin ka fara aiki.

Akwai waɗanda za su ce maka ai ana iya ɗora Windows a cikin Mac. A da gaskiya ne, lokacin da Mac ke amfani da furosesar Intel (furosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta) kuma akwai Boot Camp, manhajar Apple ta ɗora Windows. Tun da Apple ta fito da tata furosesar M1 a watan Nuwamban 2020, wannan hanya ta rufe a sababbin kwamfutocinta. Abin da ya rage shi ne manhajojin da ke buɗe Windows a cikin macOS, irin su Parallels wadda ake biya, kuma suna iya ɗaukar ƙananan ayyuka amma ba abin da za ka jingina aikin kammala karatunka ko na kwastoma a kai ba ne.

Mataki na biyu, wanda na ga mutane sun fi tsallakewa, shi ne ka tambayi kanka hannun wa aikinka zai faɗa idan ya bar kwamfutarka. Mai zanen katin ɗaurin aure, kalandar biki, fosta ko bana ba ya gama aiki sai injin ɗab'i ya fitar da shi, kuma idan ka zaga shagunan buga takardu na cikin gari za ka tarar CorelDRAW a kan Windows ita ce harshen da kowa ke ji. CorelDRAW ta dawo Mac a 2019, amma sau da yawa mai shago tsohon zubi yake da shi, kuma tsohon zubi ba ya buɗe fayil ɗin da sabo ya adana sai ka zaɓi adana shi a tsohon tsari da gangan. Ka je shagon da kake kai aiki ka tambayi mai injin wane zubi ke kan kwamfutarsa, kuma ko yana karɓar PDF. Haka nan mai tace bidiyon biki da ke karɓar aiki daga wani ɗakin ɗaukar hoto: idan maigidanka Premiere yake amfani da ita kuma yana so ka dawo masa da aikin a buɗe don ya yi gyara, Final Cut ba za ta yi maka amfani ba komai daɗin aikinta.

A nan ne kuma maganar filashi da ma'ajiyar waje take shigowa. Ma'ajiyar da aka tsara da NTFS, wato tsarin Windows, Mac tana iya karanta ta amma ba ta iya rubutu a kanta sai da ƙarin manhaja. Wadda aka tsara da APFS na Mac kuwa Windows ba ta ma gane ta. Idan za ka riƙa yawo da aiki tsakanin biyun, ka tsara ma'ajiyar da exFAT tun tana wofi, domin sake tsarawa yana goge duk abin da ke ciki.

Bari in ɗan tsaya a kan wani abu da ya shafe mu mu masu rubutu da Hausa. Na taɓa tsayawa a bayan wani matashi yana buɗe katin gayyatar walima a shagon ɗab'i, sai ga duk inda aka rubuta ƙ da ɗ da ɓ ya koma ɗan akwati fanko, sunan amarya ma bai tsira ba. Laifin ba na dandamali ba ne, salon harafin da ya zaɓa ne ba shi da haruffanmu masu ƙugiya a kwamfutar shagon. Windows tana da allon rubutun Hausa da za ka iya ƙarawa daga wurin saitin harshe, manhajar Keyman kuma kyauta ce kuma tana aiki a Windows, Mac da Linux. Salon haruffa irin su Noto Sans, Andika da Charis suna ɗauke da haruffan duka. Kafin ka kai aiki wurin bugawa, ka mayar da rubutun ya zama zane, abin da masu Corel ke yi da danna Ctrl da Q, domin daga nan babu kwamfutar da za ta iya sauya shi.

Mataki na uku ya shafi gem, kuma a nan Windows ta yi wa sauran nisa ƙwarai. Ka rubuta sunayen wasannin da kake bugawa da gaske, ba waɗanda kake gani a bidiyo kana sha'awa ba. Wasan ƙwallon da muka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, yana kan Windows, PlayStation da Xbox amma babu shi a Mac. Haka eFootball na Konami, wato tsohon PES. Haka GTA V da Call of Duty na zamani. Mac ta fara samun manyan wasanni kaɗan, irin su Resident Evil Village a 2022 da Cyberpunk 2077 a 2025, sai dai wanda gem ya dame shi ba zai wadatu da su ba.

Linux ta yi ci gaban da ya kamata a yaba mata. Tun 2018 da kamfanin Valve, mai dandalin sayar da wasanni na Steam, ya fito da Proton, manhajar da ke sa wasan Windows ya hau Linux, dubban wasannin Windows suna gudu a kanta, kuma a kan Linux ɗin aka gina na'urar hannu ta Steam Deck da ta fito a 2022. Cikas ɗin yana wajen wasannin da ake bugawa da mutane ta intanet, domin manhajojin hana maguɗi da ke cikin Valorant, Fortnite da EA Sports FC ba sa yarda da Linux. Shafin intanet na ProtonDB yana nuna halin kowane wasa a kan Linux, ka bincika naka ɗaya bayan ɗaya. A ganina, Linux ta fi dacewa da mai aiki da Blender ko Krita, ko wanda yake da tsohuwar kwamfuta da yake son ya farfaɗo da ita, kuma yana da haƙurin neman mafita da kansa, domin ba kowane mai gyara a kasuwa zai iya taimaka masa ba.

Kada ka manta da data. Wasa guda kamar GTA V yana cin kusan jigabait 100, kuma bayan an sauke shi ana ta turo gyare-gyare masu nauyi. Jinkirin da kake gani idan kana buga wasa ta intanet kuma yawanci daga layin sadarwa ne da nisan da ke tsakaninka da uwar garken wasan, sayen kwamfuta mai tsada ba ya maganinsa.

Mataki na huɗu hukunci ne da za ka yanke da kanka: na'ura ɗaya za ta ɗauki aiki da wasa, ko raba su za ka yi? Idan takardarka ta nuna manhajojin Windows da wasannin Windows, laftof ko kwamfutar tebur mai katin zane na Nvidia, wato ɓangaren da ke sarrafa hoto, ta haɗa maka duka, kuma katin da ke gudanar da wasa shi ne ke saurin fitar da aiki a Blender, Lumion da Resolve. Idan kuwa aikinka tace bidiyo ne ko haɗa sauti, kuma gem ɗinka bai wuce ƙwallo da abokai a ƙarshen mako ba, ina ganin ya fi maka ka sayi Mac mai furosesar M don aiki, ka nemi PS4 ta hannu ko PS5 idan hali ya yi don wasa. Hakan yana da wata fa'ida da ba a cika faɗa ba: ƙannenka da abokanka za su taru a kan na'urar wasa, na'urar da ke ɗauke da bidiyon bikin mutane kuma ta zauna a jaka.

Mataki na biyar shi ne wanda ba za ka ji shi daga bakin masu sharhin na'urori na Turai da Amurka ba, wato wuta, zafi da ƙura. Ka juya cajar kowace kwamfuta ka karanta adadin wat da aka rubuta a jikinta. Cajar MacBook Air mai furosesar M wat 30 ce ko kusa da haka, kuma batirinta yana iya kai ka yini kana aikin da bai yi nauyi ba, ba tare da ƙarfinta ya ragu don an ɗauke wuta ba. Cajar laftof ɗin gem tana kaiwa wat 180 zuwa 230, kuma da zarar ka zare ta katin zanen yakan rage gudu, batirin ma ba ya daɗewa idan ana wasa ko fitar da bidiyo. Kwamfutar tebur mai katin RTX 3060 kuwa, katin kaɗai yana jan wat 170, idan ka haɗa da sauran kayan ciki da sikirin za ka haura 300. Yi lissafin da batirin inbatarka: batir mai bolt 12 da amfiya 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400 a rubuce, amma idan irin mai ruwa ne rabin wannan ya kamata ka ci don kada ya mutu da wuri, wato 1,200. Kwamfutar tebur za ta cinye wannan cikin ƙasa da awa huɗu, laftof mai jan wat 30 kuwa za ta kwana ta yini a kai. Wanda zai sayi ta tebur ya sa kuɗin sola ko man janareta a cikin farashinta tun daga farko, ya kuma sayi UPS, na'urar da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, domin yankewar wuta ana tsakiyar adana aiki tana iya lalata fayil gaba ɗaya.

A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, kwamfuta tana rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. MacBook Air mai furosesar M ba ta da fanka sam, wanda ke nufin ba ta zuƙar ƙura, amma idan ka ɗora mata dogon bidiyo mai nauyi da tsakar rana za ta rage gudu. Mai irin wannan aiki kullum MacBook Pro ko Mac mini, masu fanka, sun fi masa. Laftof ɗin gem kuwa fankokinta biyu suna zuƙar ƙurar hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu har ta toshe hanyar iska. Kada ka ɗora ta a kan katifa ko darduma, ka ɗaga bayanta da wani abu mai tauri, kuma idan hunturu ya wuce ka kai a buɗe a share fankokin.

Mataki na shida shi ne koyon karanta abin da ke cikin na'urar, domin "Core i7 ce" da mai shago zai ce maka ba bayani ba ne. Lambar da ke bin sunan ita ke nuna zamanin furosesar: i7-4600U ta zamani na huɗu ce, ta wajen 2013, kuma i5-1135G7 ta zamani na goma sha ɗaya ta fi ta nesa ba kusa ba. Wannan ya ƙara muhimmanci tun da Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana buƙatar Intel zamani na takwas zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama, tare da ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0. A ɓangaren Mac ma haka ne: kasuwar na hannu cike take da MacBook masu Intel, alhali Apple ta sanar cewa macOS 26 ce ta ƙarshe da za ta hau kansu, kuma ba duka ba ne ma suka samu. Waɗanda aka ƙera tsakanin 2016 da 2019 da yawansu suna da siririn allon rubutun nan da ƙura kaɗan ke maƙale masa maɓalli, abin da bai dace da garinmu ba ko kaɗan.

Don tace bidiyo ko zane mai nauyi, ka nemi ram, wato wurin da kwamfuta ke riƙe aikin da ke buɗe, jigabait 16, da ma'ajiya mai sauri ta SSD aƙalla jigabait 512. A yawancin laftof ɗin Windows masu kauri za ka iya farawa da 8 ka ƙara daga baya, amma a MacBook mai furosesar M an manne ram da ma'ajiya a jikin allon da ke cikinta, abin da ka saya da shi za ka zauna. Katin zane kuma yana da nasa ram: GTX 1650 mai jigabait 4 zai buga ƙwallo ya yi ƙananan ayyuka, RTX 3060 ko RTX 4060 su ne inda aikin Blender da Lumion ke fara daɗi. Ka kuma lura da sikirin, domin laftof ɗin gem masu araha sukan zo da wanda ke nuna launi a dushe, irin da ake rubuta wa 45% NTSC, mai zane kuwa 100% sRGB yake buƙata idan yana son jan da ya gani ya zama jan da zai fito a takarda. Araha ba ta ado a wannan wuri.

Mataki na bakwai gajere ne: kafin ka saya, ka je wurin mai gyaran da ka amince da shi ka tambaye shi ko yana taɓa irin wannan na'ura. Batir, caja, sikirin da allon rubutun HP, Dell da Lenovo ba su da wuyar samu, na Mac kuwa sau da yawa sai an aika Kano, Abuja ko Computer Village da ke Ikeja, kuma kwanakin jira kwanaki ne da ba ka aiki.

Mataki na takwas shi ne gwaji a gaban mai shago, kuma gani ya kori ji. Ka tafi da filashi ɗauke da aikinka na gaske, bidiyo mai nauyi ko zane mai shafuka da yawa, ka nemi a ba ka aƙalla rabin awa. Idan Windows ce, ka buɗe Task Manager ka duba sunan furosesa, yawan ram da sunan katin zane da idonka, kada ka dogara da sitikar da ke manne a jiki. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, rahoton zai nuna maka ƙarfin da batirin ya zo da shi daga kamfani da wanda ya rage masa yanzu. Manhajar CrystalDiskInfo, wadda kyauta ce, tana nuna lafiyar ma'ajiya. Ka sa hoto fari fat sannan baƙi ƙirin ya cika sikirin don ka ga ɗigo ko tabo, ka danna kowane maɓalli, ka gwada kowace kafar USB da ta HDMI, sannan ka bar bidiyon yana fita ko wasa yana gudu na minti goma sha biyar kana sauraron fanka, hannunka a kan wurin da iska ke fita. Na'urar da ta mutu ko ta daskare a wannan gwaji, ka bar ta komai rangwamen da aka yi maka.

Idan Mac ce, ka shiga About This Mac ka tabbatar da furosesa da ram, ka duba adadin zagayen cajin batir a System Report ƙarƙashin Power. Apple ta ƙiyasta batiran MacBook na zamani a kan zagaye 1,000, don haka wanda ya haura 800 ya kusa neman canji. Abu mafi muhimmanci shi ne makulli. Ka sa mai shago ya goge na'urar gaba ɗaya a gabanka, a haɗa ta da intanet, ka bi matakan saitin farko da kanka har ka shiga da naka asusun Apple. Idan ta nemi kalmar sirrin tsohon mai ita, ko ta nuna cewa wani kamfani ko makaranta ke kula da ita daga nesa, kada ka biya ko da an ce maka za a cire daga baya, domin ana iya kulle ta tana hannunka. Idan komai ya yi daidai, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin na'urar, ka gwada lambar da wadda ke cikin saiti, sannan a rubuta a jikin rasit ɗin kwana nawa aka ba ka na dawo da ita idan ta nuna matsala, mai shago ya sa hannu.